Tsohuwar kwamfutar Yaya da neman manhajar rubutu ta kyauta: littafin aiki

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Yau Yaya ya ba ni ƙaramar kwamfutar nan tasa da ta shekara da shekaru kwance a ƙasan akwati. Irin waɗanda aka yi yayi wajen 2009 ce, masu allo inci 10. Da zai miƙo min sai da ya ce, "Ga ta nan, amma kada ka koma kana zagina a zuci. Ko lokacin da take sabuwa ban taɓa jin daɗin saurinta ba." Na ce, "Yaya, rubutu kawai zan yi da ita, ba fim zan tace ba."

Aikin da ke gabana shi ne littattafan rubutu guda uku cike da gajerun labarai da na rubuta da hannu. In an buga za su haura shafi 120. Malamar da za ta duba min su ta ce fayil na docx, irin na Microsoft Word, take so, da lambar shafi, da bayani a gindin shafi duk inda na yi amfani da tsohuwar kalma. Ni kuma na ɗaurawa kaina sharaɗi biyu: ba zan sayi manhaja ba, ba kuma zan ɗora ta sata ba.

Ga abin da ke cikinta: injin Intel Atom N270 mai gudun 1.6 GHz, RAM (ma'ajin wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinsa) gigabait 1, rumbun ajiya mai faifai na gigabait 160, allo 1024 da 600, sai Windows 7 Starter. Batir ya mutu murus, ana zare caja take ɗaukewa. Na riƙe agogo na kunna ta: minti biyu da rabi kafin linzami ya fara jin magana. Akwai wata manhajar ofis ta gwaji a ciki wadda wa'adinta ya ƙare tun ban san ranar ba, tana buɗe fayil amma ba ta barin a taɓa ko harafi ɗaya.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Kafin in je nesa na fara da abin da ke gida, wato WordPad. Tun Windows 95 yake zuwa da Windows, sai a 2024 aka cire shi daga Windows 11. Na Windows 7 yana buɗe docx da odt (tsarin fayil na manhajojin ofis na kyauta), yana kuma ajiyewa da su. Daƙiƙa uku ya buɗe. Na buga shafi biyu na labarin farko ba tare da ya yi ko tari ba.

Haruffa masu ƙugiya ma suna fita, in ka haddace lambobinsu: ka rubuta 0199 ka danna Alt da X, sai ƙ ta bayyana, 0257 ta ba ka ɗ, 0253 ta ba ka ɓ. Sai dai ka ƙirga sau nawa ɗ ke fitowa a shafi guda na Hausa, ka ga ko mutum zai jure wannan har shafi 120.

Babbar matsalar ba ita ce wannan ba. WordPad ba ya sa bayanin gindin shafi, ba ya ƙirga kalmomi, ba ya ma nuna maka inda shafi ya ƙare kana cikin rubutu. Na wasiƙa ne da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Na bar shi a matsayin na ko-ta-kwana.

Talata, 7 ga Oktoba

Ƙanwata ta ce me ya sa nake wahalar da kaina, ga Google Docs kyauta. Na gwada. Chrome ya tsaya a siga ta 109 a kan Windows 7 tun farkon 2023, Firefox kuma a 115. Na ɗora Firefox ɗin. Shafin ya buɗe bayan dogon jira, amma in na buga kalma sai na ɗaga hannu in jira ta fito, harafi na bin harafi kamar masu zuwa gaisuwa. Na leƙa Task Manager, inda ake ganin abin da kowace manhaja ke ci a RAM: Windows ita kaɗai ta riƙe sama da megabait 500, burauza ta lashe sauran, fitilar rumbun ajiya kuwa ta kama ja ba ta ƙiftawa. In RAM ta cika, kwamfuta kan koma tana aron wuri a kan faifai, faifan kuma ya fi RAM nawa nesa ba kusa ba. Laifin ba na shafin ba ne, an yi shi ne don injinan yau. Duk abin da ke buƙatar burauza na soke shi daga lissafi.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ranar LibreOffice. Duk wanda ka tambaya shi zai fara ambata, kuma da dalili. Asalinsa StarOffice ne na wani kamfanin Jamus, kamfanin Sun ya saye shi a 1999 ya saki tushensa, wato rubutun da aka gina manhajar da shi, da sunan OpenOffice.org, a 2010 kuma wasu daga cikin masu aikin suka ware suka kafa The Document Foundation, suka ci gaba da sunan LibreOffice. Sashensa na rubutu, Writer, yana da duk abin da Malama ta nema.

Na kusa sauke wadda ba za ta yi ba. Siga ta 25.8 da ta fito a Agusta ta daina tafiya a kan Windows 7, don haka 25.2 na nema, ta injin 32-bit. Sama da megabait 300 na data, ɗorawa kuma ta ci kusan minti 25.

Buɗewar farko daƙiƙa 55. Bayan ya zauna, rubutu yana tafiya, ba laifi, amma da na liƙa shafuka goma na gwaji na ja su ƙasa sai allo ya riƙa tsalle. Na kashe Java a cikin saituna. Na kashe duba kuskuren rubutu, don babu ƙamus na Hausa a abin da na sauke, kowace kalma an ja mata jan layi, shafin kamar an yanka kaza a kai. Ya ɗan sassauta. Wani abin haushi kuma, tagar saituna ta fi allon tsawo, maɓallin amincewa yana can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, sai da na riƙa danna Enter a makance.

Na duba 'yan uwansa biyu ban sauke ba. Apache OpenOffice yana buɗe docx amma ba ya ajiyewa da shi, ni kuwa ajiyewar nake bukata. FreeOffice na kamfanin SoftMaker yana ajiye docx, sai dai kyautarsa ta rashin biyan kuɗi ce kawai: tushensa a rufe yake, kuma sai an yi rajista da imel. A nan na fara lura kyauta iri biyu ce. Akwai wadda ba a biya, akwai wadda lasisinta ya ba ka damar kwafa, ka raba, ka gyara, ba wanda zai zo gobe ya ce wa'adi ya ƙare. Bayan abin da na gani a manhajar gwajin nan ta ranar Asabar, ta biyun nake so.

Asabar, 11 ga Oktoba

Yau na tafka wauta, zan kuma rubuta ta dalla-dalla don kada in sake.

Na karanta cewa AbiWord shi ne mara nauyi na gaske, an fara shi tun 1998. Sigar Windows ta tsaya a 2.8.6, sababbin na Linux ne kawai. Na shiga neman tsohuwar, na faɗa wani shafi na tara manhajoji mai koren maɓallin saukewa har guda uku. Na danna mafi girma. Abin da ya sauko bai kai megabait 2 ba, nan ya kamata in tsaya, amma zumuɗi ya hana. Na buɗe shi, ya ce zai "taimaka" min wajen saukewa, na yi ta danna na yarda, na yarda, ban karanta ko layi ɗaya ba.

Kafin minti goma shafin farko na burauza ya canza, wata manhaja da ban san ta ba ta fito tana cewa ta gano kurakurai ɗari da wani abu a kwamfutata, wata kuma ta kafa kanta kusa da agogo tana turo talla. AbiWord ɗin da na je nema ko ƙeyarsa ban gani ba. Garin neman gira na kusa rasa ido. Fanka ta kama kuka, kunnawa ta koma minti biyar.

Na zare intanet, na kwashe shafuka shida da na buga zuwa filasha, na bi jerin manhajoji bisa ranar ɗorawa na cire duk abin da ke ɗauke da kwanan watan yau. Huɗu ne. Ɗaya ta ƙi fita sai da na sake kunna kwamfutar a Safe Mode, inda Windows ke tashi da abubuwan da suka zama dole kawai. Yini guda ya tafi, ban ƙara ko kalma a labarin ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne Microsoft ta daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairu, 2020. Kusan shekara shida ke nan gidan ba ƙofa, ni kuma na fita na gayyato baƙi da hannuna.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Shara kawai. Na canza kalmar sirrin imel daga waya. Tallan ya daina fitowa, amma zuciyata ba ta kwanta da ita ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Yau ne wa'adin Windows 10 ma ya cika. Yaya ya kira yana dariya, wai yanzu ni da shi duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Na zauna na yi lissafi. Cikin gigabait 1, rabi ya tafi tun kafin in buɗe komai. Kwana goma ina neman manhajar rubutu mara nauyi, alhali abin da ya danne kwamfutar yana ƙarƙashin manhajar ne. In jaki na nishi, ba bulalar hannunka za ka rage wa nauyi ba, kayan bayansa za ka duba. Na yanke shawarar komawa Linux, tsarin sarrafa kwamfuta na kyauta da zai maye gurbin Windows.

Nan ma akwai ƙaya. N270 injin 32-bit ne zalla, ba ya ɗaukar 64, kuma masu yin na 32 suna ta raguwa. Cikin nau'o'in Linux, Ubuntu da Lubuntu sun bar shi tun bayan 2018. Debian 13 da ta fito a Agustan bana ba ta da faifan ɗorawa na 32-bit, Debian 12 ta 2023 ce ta ƙarshe mai shi. Biyu suka rage min a takarda: Puppy Linux, wanda Barry Kauler ya fara a 2003, mai loda kansa cikin RAM, da antiX 23, wanda aka gina a kan Debian 12 musamman don tsofaffin injina. Na zaɓi antiX saboda rumbun manhajojin Debian: umarni ɗaya za ka rubuta manhaja ta sauko daga inda aka tantance ta, ba sauran koren maɓalli uku.

Asabar, 18 ga Oktoba

Fayil ɗin antiX ya haura gigabait ɗaya da rabi, a kwamfutar ƙanwata na sauke shi. Wajen rubuta shi a filasha na yi tuntuɓe kaɗan: sabon Rufus, manhajar da ke wannan aikin, ba ya buɗewa a Windows 7, siga ta 3.22 ce ta ƙarshe da ke yi. Na samo ta a shafin masu ita, wannan karon na karanta adireshin sau biyu.

Na shiga BIOS, saitin da ke tashi kafin Windows, na sa kwamfutar ta fara tashi daga filasha. Amfanin wannan hanya shi ne kana iya gwada tsarin daga filasha ba tare da ka taɓa abin da ke rumbu ba. Na gwada madannai, sauti, wayales, duk suna aiki. Na kira Yaya na ce, "Yaya, zan share komai, akwai abin da kake so a ciki?" Ya ce in duba folda ta hotuna. Hotuna 212 na samu, har da na ranar da ya gama makaranta, na kwashe masa su a filasha ta biyu kafin in danna share. Da na yi gaggawa irin ta makon jiya da yanzu wani zancen ake.

Ɗorawa minti 20. Kunnawa daƙiƙa 45. Na buɗe baƙin allon umarni na rubuta free -m don in ga RAM: megabait 150 da 'yan kai ake amfani da su. Sai da na sake rubutawa don ban yarda ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Gwajin manhajoji uku, da agogo a hannu, da fayil guda mai shafi goma.

LibreOffice 7.4 ya zo tare da tsarin. Writer ya buɗe a daƙiƙa 20, in an rufe an sake buɗewa kuma 8. Jan shafi ba tsalle. Matsalar tagar da ta fi allo ma ta warware: ka riƙe Alt ka ja tagar da linzami daga ko'ina, sai ta hau sama ka ga maɓallan ƙasa.

AbiWord, wanda ya jawo min bala'in ranar 11, layi ɗaya ya kawo shi: sudo apt install abiword. Daƙiƙa 5 ya buɗe. Yana da bayanin gindin shafi, da lambar shafi, da ƙirgen kalmomi. Da wasiƙu da rahoto mai shafi biyar ne aikina, da nan zan tsaya in rufe wannan littafin.

Na uku FocusWriter, na Graeme Gott. Ba shi da komai a fuska, fili ne kawai da rubutunka, sai ka kai linzami bakin allo kayan aiki su leƙo. Yana ajiye odt da docx da rubutu tsura, yana ƙirga kalmomi, kana iya sa masa adadin da kake son bugawa a rana. Ba ya yin bayanin gindin shafi. Da farko na raina shi, sai na ƙirga layuka. A allo mai tsawon 600, Writer da duk layukan maɓallansa yana bar min layi 14 na rubutu, FocusWriter yana ba ni 25. Ga mai kwafa daga littafi, ido na sauka kan takarda yana komawa allo, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Duk da haka na ce bari in zauna a Writer, tunda a can aikin zai ƙare. Na kashe masa ajiyar ko-ta-kwana da yake yi lokaci-lokaci, don duk sanda ya tashi yi sai rubutu ya daskare na daƙiƙa biyu.

Laraba, 22 ga Oktoba

Daren jiya da na yau duk a kan ƙugiya suka tafi. Linux yana da tsarin madannai na Hausa, ana kunna shi da setxkbmap ng -variant hausa, na gwada, amma yatsuna sun saba da inda komai yake, sai kuskure nake yi. Na bi wata hanya: na mai da Alt na dama maɓallin haɗa haruffa, na buɗe fayil mai suna .XCompose na rubuta ƙa'idodina. Alt, k, k ya ba ni ƙ. Alt, d, d ya ba ni ɗ. Alt, b, b ya ba ni ɓ. Manyan ma haka, Ƙ da Ɗ da Ɓ. Danna uku maimakon shida, kuma yana aiki a duk manhajojin uku. Bayan awa guda hannu ya kama.

Sai rigimar alamar hamza. Writer yana da ɗabi'ar gyara maka alamar zance, ya lanƙwasa ta yadda ta dace da Turanci. A tsakiyar kalma, kamar sana'a ko ma'ana, ba matsala. Amma a farkon kalma, 'ya'ya, 'yan, 'yar, sai ya ɗauka zance za ka buɗe, ya juya ta ta kalli wancan gefen. A 'ya'ya sai ka ga alama biyu suna kallon juna kamar masu faɗa. Na shiga saitin AutoCorrect na cire canjin alamar guda. Na kuma sa harshen rubutun ya zama babu, don ya daina mai da i ƙarama babba duk inda ta tsaya ita kaɗai.

Salon haruffa kuwa DejaVu yana da ƙugiyoyin duka, amma a takarda bai yi min kyau ba. Na sauke Charis SIL, wanda aka yi don harsuna masu irin haruffanmu.

Asabar, 25 ga Oktoba

Shafi 22. Labari uku sun shiga. Ba abin da ya faru.

Talata, 28 ga Oktoba

Na tashi in ɗauko littafi na biyu, ƙafata ta ja wayar caja. Allo ya yi baƙi ƙirin, fanka ta yi shiru. Na tsaya a tsaye da littafin a hannu ina tuna yaushe na danna ajiye. Ban tuna ba.

Na kunna. Fayil ɗin ya tsaya a shafi 31, ni kuwa ina tsakiyar na 35. Shafi huɗu, kusan awa biyu. Da kwafa ce zalla da sauƙi, amma a labarin nan na sake ƙarshensa gaba ɗaya ina cikin bugawa, maganar da uwar ta yi wa ɗanta a bakin ƙofa ba ta cikin littafi, a kaina ta zo na zuba ta. Na sake rubutawa, ba ta fito kamar ta farko ba, ko kuma ni nake ganin haka.

Ba wanda zan ɗora wa laifi. Ni na kashe ajiyar ko-ta-kwana ranar 19 saboda daƙiƙa biyu, a kwamfutar da na san ba ta da batir. Na mai da ita, kowane minti biyar. Na naɗe kan cajar da salatif a jikin teburi, na zagaya da wayar ta baya. Ƙarshen kowane sakin layi Ctrl da S. Ƙarshen kowane zama kwafi a filasha, da kwanan wata a sunan fayil.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Da fayil ya haura shafi 40 Writer ya fara jan ƙafa, musamman in na koma sama na ƙara layi, don sai ya sake lissafin inda kowane shafi zai yanke har ƙasa. Na canza tsari. Kowane labari fayil ɗinsa daban, a FocusWriter, da odt. Inda bayanin gindin shafi zai shiga ina sa taurari biyu da bayanin a gaba, in an zo haɗawa a Writer in bi su da nema ɗaya bayan ɗaya. Bugawa aiki ne na kullum, tsara shafi aiki ne na rana ɗaya, ba dalilin da zai sa in riƙa ɗaukar nauyin na biyun kowace safiya.

Wani abokina ya kawo min RAM na gigabait 2 daga matacciyar kwamfutarsa, don wannan injin iyakarsa ke nan, ramin ma ɗaya ne. Na kwance murfin ƙasa, na buɗe 'yan maƙallan gefe biyu, tsohon ya ɗago kai, na zare. Sabon ya ƙi zama. Na juya shi, ya ƙi. Har na fara dannawa da ƙarfi, sai na ce bari in haɗa su baki da baki a hasken fitila. Tsagar da ke tsakanin haƙoran ba wuri ɗaya take ba. Nawa DDR2 ne mai haƙori 200, nasa DDR3 mai 204. Tsawonsu ɗaya, shi ya rufe min ido. Allah ya sa ban karya ramin ba. Na mai da tsohon, na mayar masa da nasa da godiya.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Shafi 61. Na sa wa FocusWriter kalma 800 a rana. Kwana huɗu na cika, ɗaya ban cika ba. Na kunna ƙarar tafireta da ke cikinsa don nishaɗi, bayan minti goma na kashe.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Na haɗa labarai biyar na farko a Writer, na sa lambar shafi da bayanai 17 a gindi, na ajiye da docx na tura wa Malama don gwaji. Da yamma ta kira. "Malam, aikin ya iso, bayanan gindi duk suna nan. Amma shafi 38 ka ce, ni 41 nake gani, kuma ƙ ɗinka ta fi sauran haruffa girma kamar ba gidansu ɗaya ba."

Na gane inda gizo ke saƙar. Fayil ba ya tafiya da salon haruffansa sai an ce ya tafi da su, sunan kawai yake ɗauka. Ba ta da Charis SIL, sai kwamfutarta ta zaɓi wani a madadinsa, faɗin haruffa ya canza, shafuka suka zame, inda wancan bai da ƙ kuma ta aro daga na uku. Ita ma samfurin da ta turo min da Calibri aka yi shi, ni ba ni da shi. Akwai salo na kyauta da aka auna su daidai da na Microsoft, faɗi da faɗi: Carlito a madadin Calibri, Caladea a madadin Cambria, Liberation Serif a madadin Times New Roman. Na ɗora su. Muka daidaita a kan Times New Roman: ni ina ganin Liberation Serif a nan, ita tana ganin na asali a can. Na sake turawa tare da PDF don ta ga yadda nake gani. Shafi 39 a wurina, 39 a wurinta.

Ainihin aikin a odt nake barinsa, docx kwafin turawa ne kawai. Ba na son fayil ya riƙa kai da komo tsakanin tsari biyu, kowace juyawa da ɗan abin da ke zubewa.

Asabar, 15 ga Nuwamba

DDR2 na gigabait 2 ya samu, daga wata tsohuwar kwamfuta a wurin aikin Yaya da za a zubar. Wannan karon na haɗa tsagar kafin in kusanci ramin. Ya shiga da ɗan ƙas. Na bar Memtest86+, mai gwada lafiyar RAM, ya zagaya shi sau ɗaya, ba kuskure. Buɗewar Writer ba ta canza sosai ba, wannan aikin faifai ne da inji, amma yanzu ina iya barin Writer da FocusWriter da mai karanta PDF a buɗe tare, fitilar rumbu ba ta kama ja.

Har yau ko sisi bai fita a kan manhaja ba. Abin da aikin ya ci: data wajen gigabait 3, filasha biyu da na riga na mallaka, yini ɗaya na shara, shafi huɗu.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Shafi 94. Littafi na uku na buɗe. Harafin n ya fara maƙalewa, na ɓalle maɓallin na hure ƙurar ƙarƙashinsa, ya saki.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Malama ta dawo da labarai biyar ɗin da gyare-gyarenta a jiki, irin wanda ake bin sawu, abin da ta soke da ja, sharhinta a gefe. Wannan ne gwajin da nake tsoro tun farko. Writer ya buɗe shi a daƙiƙa 30, gyara 140 da sharhi 26 duk sun fito da sunanta. Sharhin gefe yana cinye kusan sulusin faɗin allo, sai na rage girman shafi zuwa kashi 80, ina karatu ina matse ido. Ina karɓa ko ƙi ɗaya bayan ɗaya, kowane da ɗan jinkirinsa na rabin daƙiƙa. Na gama labari biyu. A kan maganar uwar nan ta bakin ƙofa, wadda na sake rubutawa ranar 28, ta rubuta a gefe: "Kada ka taɓa wannan."

Mako mai zuwa: in ƙarasa shafi 26 da suka rage a littafi na uku, in gama gyaran labarai ukun, sannan in haɗa duka a fayil ɗaya in ga ko Writer zai ɗauki shafi 120 da bayanansu a wannan injin. In ya gaza, zan raba shi kashi uku in tura haka. Batir har yanzu babu, salatif ɗin cajar ma ya fara ɗagowa, gobe zan sake naɗa wani.